Ku Tambaya Mu Amsa: Haɗa Allon Maganaɗisu na Wasan Yara a Gida

A wannan fitowar mun tattara tambayoyin da suka zo mana a kan allon maganaɗisu, wato allon ƙarfen nan da yara ke manna wa haruffa da lambobi da siffofin dabbobi, su ɓamɓare su sake mannawa. Mun gajarta wasu wasiƙun, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Assalamu alaikum. Na ga irin wannan allo a makarantar ɗana, sai na yi sha'awar in yi masa a gida. Shekararsa 4. Me zan saya, kuma wa zan kai wa ya haɗa mini?
Wata uwa, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki sayi komai, ki samu ɗan maganaɗisu guda ɗaya ki jefa a jaka, domin shi zai yi miki alƙalanci a kasuwa. Ba kowane farin ƙarfe ne maganaɗisu ke kamawa ba. Alminiyam ba ya kamawa ko kaɗan, haka jan ƙarfe, haka mafi yawan silba. A ido kuwa duk kusan ɗaya suke. Duk farantin da aka miƙo miki, ki ɗora masa maganaɗisun. In ya zame, ki mayar wa mai shi abinsa ko da ya rantse.

Abin da ake nema shi ne shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe mai rufin tutiya, wanda 'yan kasuwa ke kira galbanaiz. A Kaduna wurinsa Panteka, inda masu ƙera akwatuna da bokitai da murhu ke yanka shi kullum. Cikakken faranti ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ke kuwa ƙafa 2 da ƙafa ɗaya da rabi ya ishe ki, saboda haka ki tambayi ragowar yanka a wurin masu ƙira, ba sai kin sayi guda ba. Kaurinsa ya kasance tsakanin rabin milimita da milimita 0.8, wanda a bakin masu sana'ar yake geji 26 zuwa 22. Kwanon rufi ba zai yi ba: yana da tudu da kwari, kuma wanda ya cika kasuwa yanzu siriri ne ƙwarai, da yaro ya doke shi da hannu sai ya lotsa.

Daga nan sai wurin kafinta. Ya yanko filawud mai kaurin rabin inci daidai ƙafa 2 da ƙafa ɗaya da rabi. Shi kuma ƙarfen a rage masa rabin inci a tsawo da rabin inci a faɗi, don kada bakinsa ya kai gefen katakon. A goge bakin ƙarfen da magagari, a ɗan yanke kusurwoyinsa huɗu. A shafa gam irin na Evostik a bayan ƙarfen da kuma fuskar filawud, siriri, a bar shi minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa, ana dannawa daga tsakiya zuwa gefe. Masu gaggawa kan haɗa shi yana ɗanye, iskar gam ɗin ta rasa hanyar fita, bayan kwana biyu tsakiyar allon ta ɗago tana ƙara in an taɓa. Wannan aikin a yi shi a tsakar gida, nesa da murhu, saboda warin gam ɗin yana hawa kai kuma yana kama wuta.

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya fi duka muhimmanci a jikin allon, shi ne firam. Sanduna huɗu na katako, faɗin inci ɗaya da rabi, kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, a kwantar da su a kan fuskar allon yadda za su danne bakin ƙarfen ko'ina. A fara hudawa da siririn bakin dirila, sannan a ɗaure da sukuru mai tsawon inci 1 ta baya, tazarar inci 6 tsakaninsu. Ta haka tsininsa ba zai ɓullo gaba ba, kuma da yake ya ratsa ƙarfen, ya ƙara riƙe shi. Kada ki yarda kafinta ya buga ƙananan ƙusoshi ya ce sun isa. Su ne ke zarewa idan katako ya bushe a hunturu. A bi firam ɗin da samfefa har sai kin shafa da bayan hannunki ba ki ji kaifi ko sartse ba. Allo mai wannan girman nauyinsa kilo 3 zuwa 4 ne.

Ba ni da halin kai wa kafinta. Babu wani abu a cikin gida da zai iya maye gurbinsa?
Mai karatu, Rigasa

Akwai, 'yar'uwa. Tire irin na da, mai fenti da zanen furanni, wanda iyayenmu ke jerawa a ɗaki, ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin, maganaɗisu na kama shi sosai, ga bakinsa a naɗe tun daga masana'anta. Ki dai duba kada ya zama fentin ya fara ɓarewa, domin ɓarɓashinsa yana da kaifi irin na gilashi. Tiren gashin kek na baƙin ƙarfe ma ya yi, haka murfin babban gwangwanin biskit. Tiren silba kuwa sai kin gwada, wani yana kamawa, yawanci ba sa kamawa. Ga yaro ɗan shekara 2 ko 3, tire ma ya fi allon bango, don yana ɗora shi a cinya ko a tabarma. Ƙofar firji tana kamawa, amma ba mu so yaro ya saba wasa kusa da soket.

A ina ake samun maganaɗisun? Wani ya ce in fasa tsohuwar sifika in cire. Wani kuma ya nuna mini wasu ƙanana masu sheƙi, ya ce sun fi ƙarfi.
Wani uba, Tudun Wada

Malam, iri uku ne za ka ci karo da su, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne.

Na farko shi ne mai laushi kamar roba, wanda ake yankawa da almakashi. Ana sayar da shi a falle ko a naɗe, wani da gam a bayansa. Hanya mafi araha ita ce ka je wurin masu gyaran firji ka nemi tsohuwar robar ƙofa. Idan ka tsaga ta za ka tarar da dogon zirin maganaɗisu a ciki, faɗinsa kusan santimita 1. Ka wanke shi da sabulu. Ƙarfinsa kaɗan ne, fuska ɗaya ce ke kamawa sosai, kuma sai ya taɓa ƙarfe kai tsaye. Ya dace da abubuwa marasa nauyi kamar kwali da soso.

Na biyu baƙi ne mai tauri, irin na cikin sifika. Ƙananansa masu zagaye, faɗin santimita 2 zuwa 2 da rabi, kaurin rabin santimita, su ne muka fi ba da shawara a kansu don siffofin katako. Na sifika kansa ya yi girma da nauyi, yana matse yatsa tsakaninsa da allo, kuma wajen raba shi da ƙarfen da aka manna shi a kai yakan fashe. Idan ka fasa shi gunduwa-gunduwa don ya yi auki, ka samu tsakuwoyi masu kaifi, daidai bakin yaro. A bar wannan dabarar.

Na uku su ne masu sheƙin da aka nuna maka, ana kiransu niyodimiyam, irin waɗanda ke cikin iyafis da wasu sassan kwamfuta. Gaskiya ne sun fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wannan ƙarfin ne ya sa muke cewa kada su shiga kayan wasan ƙananan yara. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

'Yata tana da wata 20, komai ta samu sai baki. Shin wannan wasan ba shi da haɗari gare ta?
Wata uwa, Badarawa

Yana da shi, Hajiya, kuma gara ki san shi filla-filla. Idan yaro ya haɗiye kwabo ko maɓalli, sau da yawa yakan bi bayan gida ya fita. Maganaɗisu biyu ba haka suke ba. Idan aka haɗiye ɗaya, bayan ɗan lokaci aka bi da wani, ko aka bi da wani ƙarfe kamar ƙusa, sai kowanne ya kasance a lungu daban na hanji, su jawo juna, su matse naman hanjin a tsakaninsu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, hanji ya huje. Wannan kan kai ga tiyata, wani lokaci ga rasa rai. Abin da ya ƙara muni shi ne da farko yaron na iya ci gaba da wasansa, in alamu suka zo kuma su zo kamar na ciwon ciki da aka saba: amai, murɗa, ƙin abinci, zazzaɓi.

Saboda haka, in kina zargin ta haɗiye, ko kin tarar da wata siffa a buɗe babu maganaɗisun ciki kin kuma neme shi kin rasa, ki kai ta asibitin da ke ɗaukar hoton ciki a take, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, kada ki jira alama. Kada a ba ta manja ko madara ko wani jiƙo don ya wanke ciki, kada a sa mata yatsa don ta yi amai. Ki gaya wa likita da bakinki cewa maganaɗisu ne, da iri da adadin da kike zato, ki tafi da ɗan'uwansa a nuna. Faɗin hakan yana da muhimmanci, don akwai na'urar hoto ta MRI wadda ita kanta babban maganaɗisu ce, ba a saka mai irin wannan matsala a cikinta.

Rigakafin kuwa ƙa'ida biyu ce. Ta farko girma. Masu gwajin kayan wasa a Amurka da Turai suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba. A gida ki yi amfani da kwalin tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi wancan faɗi: abin da ya wuce ta cikinsa, ki ɗauke. Wannan ya fitar da murfin robar ruwa da na lemo, waɗanda mutane ke son mannawa maganaɗisu saboda launinsu. Ga 'yarki, kowace siffa ta kai aƙalla santimita 5 ta kowane ɓangare.

Ta biyu, maganaɗisun ya kasance a kulle a ciki, ba a manne a baya ba. Ga yadda kafinta zai yi: ya yanko siffar daga filawud mai kaurin milimita 9, ya fafe rami a bayanta daidai faɗin baƙin maganaɗisun, ya ɗiga gam mai haɗi biyu irin Araldite, ya zaunar da shi, sannan ya rufe bayan gaba ɗaya da fallen fomaika, wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. A danne da nauyi a bar shi awa 24, a goge gefen fomaikar da samfefa don yana da kaifi. Idan kina ɗinki, ki saka shi tsakanin falle biyu na yadin jins, ki zagaye shi da keke sau biyu, sannan ki ɗinke bakin siffar. Sufa-gulu kaɗai ba ya riƙewa, yana bushewa ya yi ƙaras, faɗuwa ɗaya a siminti ya saki.

Kowace siffa a gwada ta kafin ta kai hannun yarinya: a murɗa, a ja da ƙarfi, a sake ta daga tsayin tebur zuwa siminti sau goma. Wadda ta buɗe baki a gyara ko a jefar. Ki san adadinsu, ki ƙirga bayan kowane wasa. Kuma ki riƙa duba bayansu, domin maganaɗisu na tsinto allura da fil da guntun reza daga ƙasa ba tare da kowa ya lura ba.

Na yi allon, amma haruffan suna zamewa ƙasa a hankali. A kan tebur kuwa suna kamawa da kyau. Mene ne matsalar?
Malamin firamare, Kawo

Malam, maganaɗisu ya fi ƙarfi wajen hana a ɗago shi fiye da hana a zame shi. A allon da ke tsaye, abin da yake iya ɗauka bai fi kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake riƙewa in ana ja kai tsaye ba. Sai ka duba abu uku. Tazara: ƙarfinsa na faɗuwa da sauri da zarar wani abu ya shiga tsakani, saboda haka fenti mai kauri, ko yadi, ko leda da aka lulluɓe allon da ita, duk suna cinye shi, musamman mai laushin nan. Nauyi: harafin katako a kan ɗan zirin robar firji ba zai tsaya ba, ka koma kwali ko soso irin na silifas, ko ka sa zirin ya bi tsawon harafin duka. Santsi: fenti mai sheƙi yana taimaka wa zamewa. In ka jingina allon ya ɗan kwanta baya kaɗan, sau da yawa matsalar takan kau ba tare da ka canza komai ba. Ka kuma tabbatar ba ka manna mai laushin a juye ba, fuskar da ba ta kamawa tana kallon allo.

Wane fenti zan shafa? Wanda na shafa a baya ya ɓare kamar fata.
Mai karatu, Barnawa

Fentin mai ka shafa kai tsaye a kan galbanaiz, shi ya sa. Tutiyar da ke jikin ƙarfen tana haɗuwa da man fentin su samar da wani abu mai kama da sabulu a tsakani, sai fentin ya rasa abin kamawa. Sabon faranti kuma yana zuwa da maiƙo a jikinsa. Ka kankare tsohon, ka wanke da ruwan omo, ka goge da tsumma mai binega, ka ɗauraye, ya bushe sarai, ka ɗan bi shi da samfefa mai laushi. Sai ka sa fentin share fage wanda aka rubuta ya dace da galbanaiz, ka bi da fentin ruwa shafi biyu sirara, kana barin na farko ya bushe. In ka yi amfani da baƙin fentin allon makaranta a matsayin shafin sama, yaro ya samu wurin rubutu da alli ma.

Hanya mafi sauƙi, a ganinmu, ita ce a manta da fenti. Ka je wurin masu buga sitika ka sayi farar sitika mai faɗi, ka shimfiɗa a kan ƙarfen kafin a ɗora firam, kana korar iska da katin roba. Siririya ce, ba ta rage kamu, ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Ko wane fenti ne, ka karanta gwangwanin ka ga an rubuta babu dalma, kada kuma ka karɓi ragowar fentin mota ko na ƙofar ƙarfe da aka juye a robar da ba ta da suna. Mutanen Arewa sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma guba ɗaya ce da wadda ke cikin wasu fentoci, kuma yaro mai tauna abin wasa shi ya fi saurin kwasarta.

Game da tsatsa: fuskar galbanaiz ba ta saurin yi, bakin da aka yanka ne ke fara ci, musamman a watan Agusta da danshi ke yawa a Kaduna. Ka shafa wa bakin ɗan fenti ko banish, wato man sheƙi na katako, kafin a rufe shi. Kada a bar allon a waje. Da damina ruwa ya kumbura filawud, da bazara kuma rana ta gasa ƙarfen har ya ƙona tafin yaro.

Ina koyar da 'yan naziri. Waɗanne siffofi ya kamata in fara yi, kuma guda nawa?
Wata malama, Malali

Malama, ga aji, cikakken faranti ɗaya zai ba ki alluna huɗu masu ƙafa 4 da ƙafa 2, kowanne yara uku su tsaya a gabansa ba turereniya. Ki kafa shi ƙasa-ƙasa, gindinsa kamar ƙafa ɗaya daga daɓe. Manya kan kafa allo daidai idonsu, sai rabinsa na sama ya zama ado.

'Yan shekara 3 ba haruffa suke buƙata ba tukuna. Ki fara da da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku, kala huɗu, guda 12 gaba ɗaya, su ware su bisa kala ko bisa siffa. Sai abubuwan da suka sani: akuya, kaza, kifi, mangwaro, tulu, Keke Napep. Idan aka zube wa ƙaramin yaro guda hamsin a lokaci ɗaya, watsarwa zai yi. Ki fito da shida ko takwas, ki canza bayan mako.

'Yan shekara 4 zuwa 5 sai lambobi daga 0 zuwa 9, kowace biyu-biyu, tare da ƙananan siffofi iri ɗaya guda 10 na ƙirga. A nan ne kuma na gida ya fi na kanti. Haruffan da ake shigowa da su na Turanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ, ga p da q da v da x da rubutun Hausa bai cika buƙata ba. Da su yaro ba zai iya rubuta ƙofa ko ɗaki ko ɓera daidai ba. Ki yanka naki, tsayin santimita 6, ki yi sh da ts a matsayin guda-guda tunda sauti ɗaya kowannensu yake bayarwa. Wasula su fi yawa: a guda shida, i da u huɗu-huɗu, e da o uku-uku, baƙaƙe biyu-biyu. Ki ba wasula kala ɗaya, baƙaƙe wata, yaro zai ga da idonsa yadda ba, bi, bu ke haɗuwa. Masu Islamiyya za su iya yin haruffan Larabci 28, sai dai kada a yanke su bisa siffarsu, domin ɗigon ba da ta da sa zai zama ƙananan gutsattsari. A rubuta kowanne a kan katin murabba'i.

Idan kwali za ki yi amfani da shi, ki haɗa falle biyu, ki kai a yi masa laminatin, sannan a manna zirin a baya da Evostik. Irin wannan na 'yan sama da shekara 3 ne, kuma a gaban malama.

Gidan haya nake, mai gida ya hana huda bango. Sannan an ce maganaɗisu na lalata waya. Gaskiya ne?
Wani magidanci, Hayin Banki

Malam, ka kwantar da allon a tabarma, ko kafinta ya yi masa ƙafafu biyu masu faɗi ta baya yadda zai tsaya a karkace. Kada ka jingina shi da bango haka kawai, yaro zai kama samansa ya miƙe, allon ya biyo shi. Masu gidan kansu su huda wuri huɗu, su sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin bango, da sukuru. Rataye a ƙusa ɗaya da igiya ba ya jure jan yaro.

Wayar zamani ba ta lalacewa da irin waɗannan ƙananan, sai dai suna rikita kamfas ɗin cikinta, saboda haka manhajar alƙibla za ta nuna maka wani wajen daban in kana kusa da allon. Ka matsa ka sake dubawa. Abin da ya kamata ka nisantar shi ne katin ATM, saboda baƙin zirin bayansa, da agogon hannu mai allura, da tsohuwar talabijin mai ƙeya wadda kalarta ke ɓaci. In akwai dattijo a gidan da aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kada jikoki su ɗora masa siffofin a ƙirji ko su zuba masa a aljihun gaban riga. Siffofin kuma a adana su a roba mai murfi, a kan kabad, nesa da kwandon ɗinki.